Safara'u Mai Tuwo da Sabuwar Allurar Ciwon Barci

Shekara goma sha tara na yi ina aiki tare da ma'aikatan ciwon barci, kuma cikin dubban mutanen da na yi wa allura babu wadda ta tsaya mini a rai kamar Safara'u mai tuwo ta Riruwai. Sunana Umaru. A farkon shekarun 1950 ni ne malamin allura a wani sansanin jinya da aka kafa a gefen Tudun Wada, ɗakunan ciyawa goma sha biyu da rumfar kwano guda inda likita yake duba jini.

Safara'u asalinta 'yar ƙasar Kiru ce, daga gidan manoman dawa. Mijinta Idi ya bar gona ya tafi haƙar kuza a Riruwai, ta bi shi. Haihuwarta shida, biyar sun koma tun suna ƙanana, sai Bala kaɗai Allah ya raya mata. Idi ya rasu da ciwon ƙirji lokacin da Bala ya fara zama saurayi. Danginta suka aiko ta koma gida, ta ƙi, domin ɗanta ya riga ya kama aikin wankin kuza, ta ce ba za ta bar shi a bariki babu mai dafa masa abinci ba. Sai ta kafa tukwane biyu a gindin wata ɗorawa da ke bakin hanyar ramuka, tana sayar da tuwon dawa da miyar kuka, ranar da matan Fulani suka shigo da man shanu kuma ta zuba wa wanda ya nema.

Mace ce mai murya. Leburorin wurin daga ko'ina suke, akwai Hausawa, akwai Barebari, akwai Kurama da mutanen dutse, amma kowa ta san sunansa, ta san wanda ba ya son yaji da wanda yake ɓoye loma don ya ce ba a cika masa kwano ba. Wanda ya zo da laka a hannu ba ta zuba masa sai ya wanke, ko da helma ne, wato shugaban leburori. An ce mini idan tana faɗa da mai kawo itace, mutanen da ke cikin rami ma suna jin ta.

Ruwan girki da na wanke-wanke daga wani rafi take ɗebowa a cikin kurmi, inda inuwa take da duhu, ƙudan tsando kuma ya yi yawa. Kowa a wurin ya saba da cizonsa, ba wanda ya ɗauke shi komai, alhali shi ne yake yaɗa ciwon barci. Ciwon ya fara mata da ciwon kai da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, sai kaluluwa ta fito mata a bayan wuya. Bayan wata da watanni ta fara gyangyaɗi da rana tsaka. Sau biyu aka same ta tana barci da muciya a hannu, tuwo yana ƙonewa, a na biyun har wuta ta kama gefen zaninta. Halinta ma ya sauya, ta riƙa dariya babu dalili, ta manta sunayen mutanen da ta yi shekaru tana ciyarwa. Aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, ba abin da ya ragu.

A 1951 muka je Riruwai duba wuyan mutane. Ni da hannuna na taɓa wuyanta, na ɗebo ɗan ruwa daga kaluluwar, muka sa a madubin likita, muka ga ƙwayoyin cutar suna wutsil-wutsil. Muka yi mata allura goma ta tsohon maganin da muke da shi. Ta ɗan farfaɗo, amma maganin ya taɓa mata idon hagu, ya zama ba ta ganin komai da shi sai hazo. Kafin shekara ta zagayo barcin ya dawo, ya fi na da.

Damina ta fara sauka a 1952 Bala ya kawo ta sansaninmu, rabin hanya a bayan motar kuza, sauran a kan jaki, ya ɗaure ta da rawani don kada ta faɗo. Saurayi ne dogo, mai kafaɗu irin na masu ɗaukar kwanon ƙasa, ba ya yawan magana. Ita kuwa ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, idan aka sa mata loma a baki sai ta yi barci ba ta haɗiye ba.

Ya kamata in bayyana yadda ciwon yake, kamar yadda aka koya mana. Ƙwayar tana fara zama a cikin jini, a nan kashe ta ba wuya. Idan aka daɗe sai ta haura cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Shi kuwa wannan wurin Allah ya yi masa shinge, yawancin magunguna ba sa iya tsallakawa. Tsohon maganin yana shiga kaɗan, amma ƙwayoyin wasu mutanen sun saba da shi, ba ya yi musu komai. Wanda ya kai nan a wancan zamanin, sai dai a mayar da shi gida ya jira lokacinsa.

Makonni kaɗan kafin zuwan Safara'u aka kawo wa likitanmu wani akwatin katako cike da ƙananan kwalabe. Likitan Bature ne mai yawan shiru, muna ce masa Mai Lofe saboda lofen shan taba da ba ya barin bakinsa. Kwalaben ba su da suna, sai haruffa biyu da lamba. Ya tara mu a rumfa ya ce wannan magani sabo ne, ba a gama saninsa ba. Asalinsa guba ce, dangin wadda ake kashe ɓera da ita, amma an ɗaure ta da wani sinadari don ta tsallake shingen nan ta sami ƙwayar a maɓoyarta. Ya ce ƙwayar da zaƙin da ke cikin jini take rayuwa, maganin kuma yana toshe mata hanyar cinsa, sai yunwa ta kashe ta. An gwada shi a kan ɓeraye da birai, an gwada a kan mutane kaɗan a wata ƙasa. Yanzu ana son a gwada a kan mutum arba'in waɗanda tsohon magani ya gaza a kansu, a rubuta duk abin da ya faru da kowannensu, a ci gaba da bibiyarsu har shekara uku.

Aikinsa yana da ƙa'ida mai tsanani. Sirinjin gilas za a dafa a shanya ya bushe ƙarau, don ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata maganin. Kwana uku a jere ana yi a jijiya, a huta mako guda, a sake, a kuma sake. Yana da zafi kamar an zuba wa mutum garwashi a hannu, idan kuma ya kuskure jijiya ya shiga nama, wurin sai ya zama gyambo.

Safara'u ba ta cikin hayyacin da za a tambaye ta. Bala na yi wa bayani, ya saurara kansa a sunkuye, ya tambaye ni ko akwai wani abin da za a yi ban da wannan. Na ce babu. Ya dangwala yatsa a takarda. Ita ce ta bakwai a jerinmu.

Allurar farko ba ta ko motsa ba. A ta uku ta janye hannu ta yi tsaki. Ranar kwana na goma sha biyu da hantsi ina zagaya ɗakuna sai na ji murya tana tambaya wace ce ta dama wannan kunun, ko tsamiya ta ƙare a ƙasar nan ne. Na leƙa na ga Safara'u zaune, ta jingina da bango, kwano a hannunta. Bala yana tsugune a bakin ƙofa, ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa.

Kafin ta gama zagaye na uku ta ƙwace madafin sansanin daga hannun matar da aka ɗauka aiki. Mai Lofe ya sa allura ya ɗebi ruwan gadon bayanta ya duba, ya kira ni in gani da idona. Babu ƙwaya ko ɗaya. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

Cikin arba'in ɗin nan biyu sun mutu ana tsakiyar allura. Amma da yake dukansu an kawo su ne rai a hannun Allah, ba wanda ya iya cewa ciwon ne ko maganin ne. Aka rubuta, aka wuce.

Da ta koma Riruwai mutane suka yi ta zuwa kallonta, domin wasu har sun fara yi wa Bala ta'aziyya tun kafin su tafi. Ta sake kafa tukwanenta. A da idan aka ji motarmu ta shigo gari, rabin mutane duwatsu suke hawa, saboda tsoron allurar baya da jita-jitar cewa Nasara jinin mutane suke tarawa. Safara'u ce ta karya wannan. Ranar kasuwa sai ta tsaya ta naɗe mayafi ta nuna tabon da ke gwiwar hannunta, ta ce kowa ya san yadda aka ɗauke ta daga garin nan. Ta koyi taɓa wuya a wurinmu, duk wanda ya zauna cin tuwo ta ga yana lumshe ido sai ta kai hannu bayan kunnensa. Mutum goma sha huɗu na ƙirga da suka zo sansani da kansu suka ce mai tuwo ce ta turo su. Duk wata shida kuma ita ce ta farko da take zuwa a ɗebi ruwan bayanta, ba ta taɓa sa an neme ta ba. Shekara biyun nan su ne mafi daɗi da na san ta yi. A cikinsu ta yi wa Bala aure da wata yarinya mai suna Asabe, 'yar wani maƙeri mutumin Bebeji.

A 1954, bayan an yi girbin gero, ta lura Bala yana yawan dafe kai idan ya dawo daga aiki. Ta taɓa wuyansa ta ji abin da ta sani. Ashe ya fi wata huɗu yana ɓoyewa, saboda Asabe tana da ciki, ba ya son ya bar aiki. Ranar ba ta ɗora tukunya ba, washegari suka kamo hanya.

Wannan karon da ƙafarsa ya shigo sansani, shi ya ɗauko musu kaya. Muka duba, ƙwayar ta fara taɓa ruwan bayansa, amma ba ta yi nisa ba.

Lokacin gwajin ya shiga mataki na biyu. An tabbatar sabon maganin yana tayar da waɗanda aka fid da rai da su, sai ana son a san ko ya fi tsohon ga waɗanda ba a taɓa yi wa komai ba. Don haka aka raba masu zuwa gida biyu. Wanda ya fara isowa a ba shi farin kati, wato sabon magani, na bayansa shuɗi, wato tsoho, haka bi da bi. Mai Lofe ya ja mana kunne cewa ba likita ba, ba malamin allura ba, ba wanda yake da ikon zaɓa wa wani, domin da zarar an fara zaɓe, kwatancen ya lalace. Wani makiyayi mai suna Isa ya riga su isowa da safiyar ranar, ya sami fari. Shuɗi ya faɗo a kan Bala.

Da la'asar ina wanke sirinji a bayan rumfa ta zo ta durƙusa kusa da ni. Muka gaisa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga katin.

"Malam, wannan wanda ya cinye mini ido ne ko?"

Na ce shi ne, amma ba kowa yake taɓa wa ido ba, kuma da yawa suna warkewa da shi idan ciwon bai yi nisa ba.

"Ni na ga tsohon, na ga sabon," in ji ta. "Ɗaya ya bar ni da ido ɗaya ya mayar da ni kan jaki. Ɗaya ya tashe ni. Shi kaɗai gare ni, Malam. Ban taɓa roƙonka komai ba."

A nan ne na yi abin da har yau nake neman gafara a kansa. Na san abin da ita ba ta sani ba. A lokacin mutum casa'in muka yi wa sabuwar allura, biyar sun mutu, kuma uku na ƙarshe ba raunana ba ne, da ƙarfinsu suka zo. Dukansu iri ɗaya suka tafi, wajen kwana na takwas zuwa na goma. Mai Lofe ya fara zargin maganin da kansa yake kumbura wa wasu ƙwaƙwalwa, ya rubuta wa waɗanda suka aiko shi, amsa ba ta zo ba tukuna. Abin da na gaya mata kawai shi ne sabon yana da ƙarfi, akwai waɗanda bai karɓe su ba. Ta ce ai Bala ya fi ta ƙarfi sau goma, ita da aka kawo kamar gawa ma ta ɗauka. Ni ma a raina haka na gani. Na dubi tamanin da biyar da suka tashi, ban dubi biyar ɗin ba. Ba a riga an shigar da sunayen ranar a babban littafi ba, sai na karɓi farin katin Isa na ce an yi kuskure, na ba shi shuɗi, na ba Bala farin. Isa bai san bambancinsu ba.

Bala kuwa da na tambaye shi, cewa ya yi duk wanda Inna ta ce shi ne.

Allura uku na farko ya ɗauke su ko ƙiftawa bai yi ba. A makon hutu har itace yake faskara wa madafi, yana cewa kansa ya yi sakayau, yana lissafin zai koma kafin Asabe ta haihu. Ranar kwana na tara da safe ya ce kansa yana sarawa. Kafin hantsi maganarsa ta fara harɗewa, ya kira ni da sunan ubansa. Da azahar jijjiga ta kama shi, sai da mutum uku suka danne shi. Mai Lofe ya yi masa allurar karya guba, ya sake, ya zauna a ƙasan ɗakin da kansa yana riƙe da hannunsa. Jijjigar ta lafa, amma bai sake buɗe ido ba.

Safara'u tana zaune wajen ƙafafunsa, ta riƙe masa babban yatsa, tana motsa baki a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Washegari ana kiran azahar ya cika.

Muka binne shi a bayan sansani, inda muka binne sauran. Da maza suka dawo daga maƙabarta na je na tsuguna na yi mata gaisuwa. Ta amsa yadda ake amsawa. Ina shirin tashi ta ce, "Malam, da an bar shi a layinsa fa?"

Na ce Allah ne masani.

"Na san Allah ya sani. Kai nake tambaya."

Ta daɗe tana kallona da idonta mai gani, sannan ta ce in tafi, aiki yana jirana. Da gari ya waye ta ɗaure kayansa da nata a ƙunshi ɗaya ta fita, ta ƙi jiran mota.

Kwana biyu ina fama da kaina, a na uku na je na gaya wa Mai Lofe abin da na yi. Na ɗauka zai kore ni. Ya cire lofensa ya ajiye, ya buɗe littafi, ya ja layi a kan sunan Bala, ya ja a kan na Isa. Ya ce tunda hannu ya shiga rabon, ba za a iya sa su cikin kwatancen ba, sai dai ya ambaci mutuwar a ƙasan shafi. Ya ce kada in sake, ya sallame ni. Wato ran Bala da ya tafi ma bai shiga lissafin da aka yi gwajin dominsa ba. Isa ya gama allurarsa goma ta tsohon magani, idonsa lafiya lau, ya koma wajen shanunsa. Shekara biyu ina ganinsa yana zuwa dubawa, kullum da ƙwaryar nono a hannu ya kawo mini.

Abin da ya biyo baya a Riruwai daga bakin mutane na ji. Maganar musanya kati ta riga Safara'u isa gari, ban san wanda ya kai ta ba. Waɗanda a da suke cewa ta ceci mutane, su ne suka koma cewa Nasara suna ba ta lada a kan kowane kai, har ta kai musu ɗanta. Wasu ba su faɗi haka ba, amma sun daina zama a gindin ɗorawar. Ita ma ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ɗora tukunya sau uku ko huɗu, tuwon ya kwana, ta daina. Mahaifin Asabe ya zo ya tafi da 'yarsa Bebeji ta haihu a gida. Da muka koma Riruwai duba wuya a shekarar, mutane suka sake hawa duwatsu, ko rabin waɗanda muka saba gani ba mu gani ba. Na nemi mai tuwo aka ce ta tashi.

A 1955 lokacin dubawarta ta ƙarshe ya yi, ba ta zo ba. Mai Lofe ya ce lallai a nemo ta, domin cikin arba'in na farko ita ce wadda aka fi daɗewa ana bibiya ba tare da tsallake ko sau ɗaya ba, kuma rahoton yana jiranta. Ni aka tura. Na yi kwana huɗu a kan keke ina tambaya, har na same ta a Ƙafin Maiyaki, gidan wani ɗan'uwanta mai suna Baffa. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce tun da ta zo ba ta fita ko ƙofar gida, ba ta shiga madafi, abin da aka ba ta shi take ci. Ya ce sau ɗaya ta yi tafiya, zuwa Bebeji, da ta ji Asabe ta haifi 'ya mace. An bar ta ta ɗauki jaririyar na ɗan lokaci, aka ba ta ruwa, ba wanda ya ce ta kwana. Ta juyo a ranar. Daga baya Asabe ta yi wani aure aka tafi da ita wajen Zariya da yarinyar.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Jikinta ya ciko, fatarta ta yi kyau, duk wanda ya gan ta zai ce ga mace mai lafiya. Muryar ce babu. Sai na matso kusa sannan nake jin abin da take faɗa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni, ina jiran ta kore ni. Sai ta ce yaushe motar za ta zo.

Bayan kwana uku muka zo da Mai Lofe. A zauren Baffa ta zauna a kan turmi ta sunkuya ta rungume gwiwoyinta, ba sai an nuna mata ba. Ruwan ya fito garau. Likita ya duba a nan take, ya ce in gaya mata ta warke sarai, ba sai an sake dubawa ba har abada. Ya ce kuma in gaya mata an sauya yadda ake ba da maganin, yanzu da kaɗan ake farawa a riƙa ƙarawa, ana kuma fara wanke jinin da wani magani mai sauƙi kafin a kai ga wannan, mutuwar ta ragu ko da yake ba ta ƙare ba. Ina ganin ya faɗa ne don ya sanyaya mata rai.

Ta saurara har na gama. Ta tambaya tun yaushe aka sauya. Na ce wata biyar bayan rasuwar Bala.

"Wata biyar," ta maimaita. Ta gyara ɗaurin zaninta. "Da na bar shi ya ci gaba da ɓoyewa ke nan."

Na ce ba haka ba ne, ita alheri ta nufa, kuma laifin musanyar nawa ne, ni na san abin da ban faɗa mata ba. A ranar na gaya mata maganar mutum biyar ɗin, a gaban Baffa. Na ɗauka za ta zage ni, har ina fatan ta yi. Sai ta ce ko da na faɗa mata a lokacin, da roƙona za ta ci gaba da yi, ta san halinta. Ta ce ta yafe mini nawa, nata ne ta rasa wanda zai yafe mata, tunda mai haƙƙin ba ya nan.

Mai Lofe ya tambaye ni me take cewa. Kafin in juya masa ta ce, "Ka ce masa ya rubuta na warke." Ta tashi ta shiga cikin gida. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Rahoton ya fita a shekarar da ta biyo. An yarda da maganin, aka sa masa suna, aka riƙa aiko shi da yawa, ni kaina na yi wa ɗaruruwa shi bayan nan, kuma mafi yawansu sun tashi. Mai Lofe ya koma ƙasarsu a 1957, aka rufe sansanin Tudun Wada, aka mayar da ni wani wuri can gabas.

A 1959 na haɗu da wani falke mutumin Ƙafin Maiyaki a tasha, na tambaye shi gidan Baffa. Ya ce ai 'yar'uwar nan tasa mai ido ɗaya ta rasu tun da bazara. Ba wani ciwo aka gani ba, abinci ta riƙa ragewa har ta daina karɓa, ta yi kwana tara a kwance. Na tambaye shi ko ta bar wata magana. Ya ce shi dai bai ji ba, kuma a gaskiya mutanen unguwar da yawa ba su san sunanta ba, 'yar'uwar Baffa kawai suke ce mata. Motarsa ta cika, ya yi mini sallama ya hau.